Daga Hawan Ɗa'ifa Zuwa Kwaltar Jega: Wace Hanya Ce Ta Fi Ban Tsoro?

Yau tafiya za mu yi, don haka sai ki yafa mayafinki ki biyo ni. Za mu leƙa waɗansu hanyoyin mota da suka yi suna a duniya wajen sa gaba faɗuwa, sannan mu dawo gida Jihar Kebbi, mu tashi daga Sabiyal, mu hau kwalta a Aliero, mu ratsa Jega, mu miƙa har Maiyama. In mun sauka lafiya, ke za ki yanke hukunci a kan wadda ta fi cancanta a ji tsoronta.

HANYOYIN DA SUKA YI SUNA

Duk 'yar uwar da Allah Ya nufa da zuwa Umara ko Hajji, ta kuma samu damar ziyartar Ɗa'ifa, ba za ta manta da hawan Al-Hada ba. Makka tana cikin kwari, ita kuwa Ɗa'ifa tana can bisa tsaunuka, tsawon kusan mita 1,900 daga saman teku. Hanyar takan yi ta nannaɗe dutse kamar rawani, kwana na bin kwana, sai ki leƙa ta taga ki hango motocin da ke ƙasa sun zama kamar ƙwari, kunnuwanki su toshe saboda canjin iska, ga birai zaune a bakin hanya suna jiran a jefa musu abinci. Idan hazo ya sauko ko ruwa ya yi yawa, hukuma takan rufe hanyar baki ɗaya, a koma bin ta Sailul Kabir, wadda ta bi ta miƙatin Ƙarnul Manazil.

A ƙasar Bolibiya da ke Kudancin Amurka kuwa, akwai wata tsohuwar hanya da ta tashi daga wajen birnin La Paz ta gangara garin Coroico, wadda mutane suka laƙaba wa suna Hanyar Mutuwa. A wasu wuraren faɗinta bai wuce mita 3 ba, dutse a gefe guda, rami mai zurfin ɗaruruwan mita a ɗaya gefen. Ko da yake a dama ake tuƙi a ƙasar, a wannan hanya an ce kowa ya bi hagu, don direban da ke gefen rami ya riƙa ganin inda tayarsa ke takawa. Sai a shekarar 2006 aka buɗe sabuwar hanya, manyan motoci suka huta da ita.

Mu ma nan gida ba a bar mu a baya ba. Akwai hawan Mambila a Jihar Taraba, wanda mai zuwa Gembu ba shi da makawa sai ya hau shi. Akwai Hawan Kibo a ƙaramar hukumar Riyom ta Jihar Filato, wanda direbobin manyan motoci ke ambata da ladabi. Abin da ke sa gangara irin wannan ta zama tarko shi ne, idan direba ya ɗora ƙafa a kan birki ya yi ta dannawa tun daga sama, birkin yakan yi zafi har ya daina kamawa. Shi ya sa ƙwararren direba yake saka ƙaramar giya tun kafin ya fara sauka, ya bar inji ya riƙe motar. In kin ji gingimari na ta gurnani tana saukowa kamar mai jin nauyin jikinta, to direbanta ya san aikinsa.

Akwai kuma wani nau'in tsoron, wanda ba na tsauni ba, wato na ruɗewa a cikin birni. Baƙon da ya shiga Kano da mota ya isa gadar Dangi, ko gadar Hotoro da aka buɗe a 2023, zai tarar da hanya hawa-hawa, wata ta bi sama, wata ta nutsa ƙasa, wata ta zagaya shataletale. Idan bai zaɓi layinsa tun daga nesa ba, sai ya tsinci kansa yana nufar wata unguwa da bai yi niyya ba. A garin Swindon na Ingila ma akwai wani shataletale da aka yi a 1972, mai ƙananan shataletale guda 5 kewaye da babba guda ɗaya, wanda ko 'yan ƙasar kan yi gumi kafin su fita. Haɗarin irin waɗannan wurare yana zuwa ne daga direban da ya ga ya wuce kwanarsa, maimakon ya ci gaba ya zagayo, sai ya taka birki a tsakiyar hanya ko ya fara ja da baya.

To amma ki lura da abu ɗaya, 'yar uwa. Duk waɗannan hanyoyi suna nuna wa mutum haɗarinsu ƙiri-ƙiri. Direba na ganin rami a gefensa sai ya nutsu, fasinja su bar hira su kama salati, ba mai cewa a ƙara wuta. Tsoron da kansa ya zama birki. Yanzu sai mu zo gida.

DAGA SABIYAL ZUWA BAKIN KWALTA

Sabiyal tana cikin ƙaramar hukumar Aliero, ƙasar noma ce, ƙasar albasa. Duk wanda ya san Aliero ya san cewa albasarta ta kai Legas da Onica da Fatakwal, har ta tsallake iyaka. Da rani, in an cire albasa, za ki ga rudu a gonaki da bayan gari inda ake adana ta, ga buhuna jibge ana jiran mota, iska kanta warin albasa take yi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ido na gani har inda ya gaji, babu wani tsauni da zai sa mutum jiri.

Tafiyar mace daga irin waɗannan garuruwa namu sau da yawa a kan babur take farawa. Nan ne tsoro na farko yake, sai dai mun saba da shi har mun daina ganinsa. Za ki ga uwa ta hau bayan ɗan kabu-kabu da goyo a baya, ga wani yaron an matse a tsakiya, ga wani a kan tanki, babu hular kwano a kan kowa. A hanyoyin gona da na ƙauye, da rani yashi ne ke kwashe taya, da damina kuma laka da zaizaya, wani lokaci ruwa ya ci gefen kwalbati ya bar rami a ɓoye. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu dogon hijabi: gefen hijabi ko zani in ya sauka yakan shiga cikin sarƙa ko wayoyin taya, kafin a ce kwabo ya fizgo mace ta wuya. Kafin babur ya tashi, ki tattare hijabinki gaba ɗaya ki ɗora a cinya, ki kuma duba ƙafafun yaran da ke tare da ke. Wannan ba ya rage sutura da komai.

BABBAR HANYA

Da zarar an hau kwalta a Aliero, an shiga wata duniyar. Wannan ita ce hanyar da a taswira ake kira A1. Ta taso tun daga Legas, ta bi ta Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Kontagora, Yawuri, Koko, Maiyama, Jega, Aliero, Tambuwal, Sakkwato, ta je Illela a kan iyakar Nijar. Wato duk tirelar da ta ɗauko kaya daga bakin teku za ta Sakkwato, da duk wadda ta loda shanu ko albasa ko shinkafa za ta Kudu, ta ƙofar gidanmu take bi. A kan wannan kwalta ɗaya, mai zuwa da mai dawowa suna gogar juna, tanka da tirela da bas da ƙananan motocin haya da babur da amalanke da jaki da garken shanu da 'yan makaranta, kowa na neman rabonsa.

Hanyar miƙaƙƙiya ce a mafi yawan wurare, kuma nan gizo ke saƙa. Miƙaƙƙiyar hanya tana ruɗin direba, ta sa ya ga kamar ba gudu yake yi ba. Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya ga saniya, ƙwaƙwalwarsa ta ce masa tsaya, ƙafarsa ta kai kan birki, aƙalla daƙiƙa ɗaya ta wuce. Kafin motar ta tsaya cak, a kan busasshiyar kwalta da taya mai kyau, ta ci fiye da mita 70. In aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karo sau huɗu yake ninkuwa. Karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 10, kamar bene mai hawa uku. A gudun 100 kuwa, kamar faɗowa ne daga kusan mita 40. To ki gaya mini, wace uwa ce hannunta zai iya riƙe jaririn da ke kan cinyarta a irin wannan hali?

Babban abin da ke sa hantar fasinja kaɗawa a wannan hanya shi ne wuce tirela. Ƙaramar mota mai gudun 100 in za ta wuce doguwar mota mai gudun 70, tana buƙatar kamar daƙiƙa 7 a hannun da ba nata ba. A cikin wannan ɗan lokaci ta ci kusan mita 200, mai tahowa daga gaba shi ma ya ci nasa 200. Ke nan sai direba ya ga fili na kusan rabin kilomita kafin ya fita. Amma sau nawa kika ga direba ya leƙo kai kawai, ya yi hon, ya afka, yana haska wa na gaba fitila wai shi ya kauce? Sai ki ji mota ta yi tsit, ba ki jin komai sai sautin salati, har a koma hannu sannan kowa ya sauke ajiyar zuciya, a ci gaba da hira kamar ba a yi ba.

JEGA RANAR KASUWA

Jega mahaɗa ce tun ba yau ba. Tun a ƙarni na 19 kasuwarta ta shahara a wurin fatake, har yau kuma nan hanyar Birnin Kebbi ta haɗu da ta Sakkwato da ta Yawuri. Garin na kusa da gulbin Zamfara, ga fadama, ga kifi, ga shinkafa. Ranar kasuwa kwalta kan koma wani ɓangare na kasuwar: masu talla na bin mota da gudu, 'yan kamasho na kiran fasinja, masu kura na tsallakawa da buhuna, tirela ta tsaya a gefe ta cinye rabin hanya. Wannan shi ne namu shataletalen mai ruɗarwa, ba shi da hawa-hawa, amma kowa da inda ya nufa.

Abin da ya fi taɓa zuciya a nan shi ne 'yan mata ƙanana masu talla. Yarinya 'yar shekara tara da faranti a ka, idonta na kan canjin da za a miƙo mata ta taga, ba ta ganin motar da ke tahowa ta bayan wadda ta tsaya. Direban babbar mota kuwa, saboda tsawon mazauninsa, ba ya ganin ƙaramin yaron da ke dab da gabansa ko a gefen tayarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Ta ce idan aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asarar rayuka, alhali ita ce ba ta da motoci da yawa. Uwar da za ta ɗora wa 'yarta talla zuwa bakin kwalta, ya kamata ta auna ribar farantin da wannan.

KUDU DA JEGA, BAYAN MAGARIBA

Daga Jega in aka miƙa Maiyama zuwa Koko, gari yakan yi nisa da gari, direba ya samu fili. In rana ta faɗi kuma sai hanya ta canza fuska. Ƙaramar fitilar mota ba ta haska fiye da kamar mita 50, ga shi mun ce mai gudun 100 yana buƙatar fiye da 70 kafin ya tsaya. Ma'ana, duk abin da fitilarsa ta nuna masa, ya riga ya makara. Me ke jiran sa a cikin duhun? Tirelar da ta lalace aka bar ta a kan kwalta ba fitila, alamarta kawai 'yan ganyaye da yaron mota ya karyo ya jera. Ko babbar mota mai ido ɗaya, a ɗauka babur ce. Ko ramin da kowa ke kauce wa zuwa hannun wani. Ko amalanken da ke dawowa daga gona. Lokacin hunturu ƙura takan ƙara rufe ido, da damina kuwa kwalta ta yi santsi, kuma mutanen Kebbi ba su manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta cinye gonakin shinkafa ta kuma yanke hanyoyi da gadoji. Ruwan da ke gudu a kan hanya ba a gwada zurfinsa da mota.

Sai kuma 'yan uwanmu maza da ke hawa saman kaya. Za ki ga tirela ta yi lodin albasa ko shanu har ta karkata, a can sama kuma samari da magidanta sun jeru, za su Kudu neman abin rufin asiri, don kuɗin bas ya fi ƙarfinsu. Talauci ne, ba ganganci kaɗai ba. Amma motar da nauyinta ya taru a sama ba ta da wuyar kifewa a kwana, in kuma ta kife, kayan a kan mutanen suke zubewa. Haka nan tankar mai in ta faɗi. A watan Oktoba na 2024, a garin Majiya na Jihar Jigawa, sama da mutum 150 suka rasu lokacin da wuta ta tashi ana kwasar fetur daga tankar da ta faɗi. Watanni uku bayan haka, a Janairun 2025, aka sake yin irinsa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja. Ki gaya wa 'ya'yanki da ƙannenki tun yau: tanka in ta faɗi, gudu ake yi, ba a zuwa da jarka.

Ba banza ba Aliero ta yi suna wajen masu ɗori, har daga wasu jihohi ake kawo musu masu karaya, kuma da yawansu hanya ce ta karya su. Sana'a ce ta gado, Allah Ya saka musu. Sai dai wanda ya yi haɗari asibiti ya kamata a fara kai shi, domin jinin da ke zuba a cikin ciki ko a cikin kai ba a ganinsa da ido, haka karayar da ƙashi ya huda fata tana buƙatar likita. Kada a fizgo wanda ya ji ciwo a wuya ko a baya, kada a ɗura masa ruwa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar kiran gaggawa 122. Ki adana ta a wayarki.

INA NAMU A CIKI?

Na san wata za ta ce, to Malama, ni da ba tuƙi nake yi ba, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne ajali na hannun Allah. Amma addinin da ya koya mana addu'ar hawa abin hawa, wadda asalinta ke cikin Suratuz Zukhruf, shi ne ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, ya kuma sanya kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin sadaka. Rai amana ne, naki da na abin da kika goya.

Abin da ke damunmu mu mata shi ne kunya. Direba na sheƙa gudu, zuciyarki na dukan uku-uku, amma kin yi shiru kada a ce kin cika tsoro ko kin yi magana a cikin maza. Ki yi magana, 'yar uwa, cikin ladabi. “Malam direba, don Allah ka sassauta, akwai yara a motar nan.” In ke babba ce, “Ɗana, yi a hankali, iyayen wasu ka ɗauko.” Wataƙila ya ce, “Hajiya, ki kwantar da hankalinki, na fi shekara goma ina bin hanyar nan.” Kada ki yi fushi, ki sake faɗa. Sau da yawa in mutum ɗaya ya buɗe baki sai ki ji sauran fasinja sun mara masa baya, ashe kowa jira yake wani ya fara. In ya ƙi ji, ki sauka a gari na gaba. Asarar kuɗin mota ta fi sauƙi.

Tun daga tasha ma kina da zaɓi. Ki shiga mota a cikin tasha inda 'yan yuniyon suka san direba, ya fi tsayar da wadda ba a san asalinta ba a bakin hanya. Ki dubi idon direba, in ya yi ja ko kin ga alamar bai yi barci ba, ki jira ta gaba. Ki dubi taya, in ta suɗe kamar tafin hannu, kada ki shiga. Ki ƙi yarda a cusa ku biyu a kujerar gaba. Inda akwai bel ki ɗaura, domin yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. In tafiyar biki ce ko ta'aziyya, ku yi sammako ku dawo da rana, kada hirar ban kwana ta kai ku magariba, sannan ku zo kuna matsa wa direba ya yi sauri.

Idan kuma maigida ko ɗanki ne direban, to aikinki ya fi na jami'in hanya. Ke kika san ko ya yi barci, ke kika san ko ya fara shan ƙwayoyin hana gajiya. Kada ki yi ta kiransa a waya alhali kin san yana kan sitiyari. In motar gida ce, ku duba jikin taya tare: akwai lamba huɗu a gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara 4, ko da kuwa ta gwanjo ce mai kyan gani. Mu kuma malamai, minti biyar kafin a tashi Islamiyya ya isa mu koya wa yara su tsaya, su dubi hagu, su dubi dama, su sake duban hagu kafin su tsallaka, manya su riƙe hannun ƙanana.

A shekarar 2024 an ƙaddamar da aikin sabuwar babbar hanya daga Sakkwato zuwa Badagry, wadda aka tsara za ta ratsa Jihar Kebbi. Muna roƙon hukumomi su kula da wadda muke bi kullum, a cike ramuka, a janye motocin da suka lalace, a sa alamu da tudun rage gudu a bakin makarantu da kasuwanni. Sai dai hanya mai kyau in ta haɗu da direba marar haƙuri, gudu kawai take ƙara masa.

To 'yar uwa, ga hawan Ɗa'ifa, ga kwaltar Jega, hukunci ya rage naki. Hausawa dai sun ce sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu a kan hanya, Ya ba masu jinya lafiya, Ya shiryi direbobinmu, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.